Wa zai ɗauki hoton tsuntsayen arewacin Zamfara?

Idan damina ta kankama, ganyen mangwaro ya yi duhu, akwai wani tsuntsu da ke bayyana a lambuna da bakin gulbi a ƙasar Hausa. Gangar jikinsa ba ta fi ta gwara da wani abin kirki ba, amma namijin yana jan wasu dogayen gashin jela guda biyu da kan kai tsawon jikin nasa, wani lokaci ma su zarce. Idan ya gilma tsakanin rassa sai a ɗauka ƙyalle aka wurga.

Kansa baƙi ne mai sheƙi da ɗan tukku, bayansa launin jar ƙasa, idonsa kuma kamar an zagaye shi da shuɗin kwalli. Akwai mazan da bayansu da jelarsu farare ne tas, har wanda bai sani ba ya rantse wani tsuntsu ne daban. Macen ba ta da wannan doguwar jela.

Masana suna kiran sa Terpsiphone viridis, kuma suna sa shi cikin jerin tsuntsaye masu kamun ƙuda, wato waɗanda ke cafke ƙwari a cikin iska. Ɗan Afirka ne, ruwan sama yake bi. Yakan hauro daga kudu da farkon damina, ya yi sheƙa, ya ƙyanƙyashe, idan kaka ta yi ya juya.

A wasu ƙasashe mutane na biyan kuɗin jirgi domin su je su ɗauki hoton wannan tsuntsu. A Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi kuwa, inda gulbin Gagare da na Bunsuru suka ratsa da fadamu da lambunansu, irin wurin da yake so ke nan, ba sai an yi wata tafiya ba. Sai dai a yau duk matashin da ya rataya kyamara mai dogon baki ya nufi bakin gulbi a wannan yanki, hankalin iyayensa ba zai kwanta ba sai ya dawo, kuma suna da gaskiya.

Duk da haka, ya kamata a fara ɗaukar hotunan tsuntsayen yankin ana rubuta sunayensu tun yanzu, kada a jira ranar da za a ce an samu zaman lafiya. Kuma 'yan yankin ne za su yi aikin, daga cikin gari, da wayoyin da ke hannunsu.

Abin da hoton yake buƙata

Kafin a zo ga batun tsaro, yana da kyau a fahimci yadda ake aikin, domin a nan matsalar ta samo asali.

Tsuntsu mai kamun ƙuda ba a bin sa. Wanda ya bi shi ya kore shi. Ɗabi'ar danginsa ita ce su zaɓi wani reshe su zauna, su hango ƙwaro, su zabura su cafke shi, sau da yawa kuma su dawo kan reshen da suka bari ko kusa da shi. Saboda haka mai ɗaukar hoto yakan fara ne da kallo kawai. Ya gane reshen, ya nemi wurin da rana za ta kasance a bayansa, ya zauna ya daina motsi. Da farko tsuntsun yana sane da shi. Sai zaman ya yi tsawo sannan yake ɗaukar sa kamar kututture, ya ci gaba da harkarsa.

Mai dogon jelar ya fi 'yan uwansa wahala. Ba ya son sarari. Cikin inuwa yake yawo, yana buɗe jela kamar mafici yana tayar da ƙwari daga cikin ganye. Inuwar mangwaro ko ta kanya ta fi duhu a idon kyamara fiye da yadda idon mutum yake gani, ga shi kuma tsuntsun ba ya tsayawa wuri ɗaya. Masu manyan kyamarori sukan saita su su ɗauka cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa ko abin da ya fi haka sauri, in ba haka ba jelar ta fito kamar hayaƙi. Sukan yi amfani da gilashi mai tsawon milimita 300 zuwa 600, wanda idan aka haɗa kuɗinsa da na kyamarar sau da yawa ya fi na sabon babur. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar.

Mai waya ma ba a bar shi a baya ba. Idan ya samu madubin hangen nesa ya ɗora idon wayar a bakinsa, zai zuƙo tsuntsun. Hoton ba zai ci gasa ba, amma zai nuna wane tsuntsu ne, a ina aka gan shi, a wace rana, kuma abin da masu bincike ke nema ke nan. Haka nan waya tana naɗar kuka. Mai dogon jela yana da wata ƙara mai kaushi da yake yawan maimaitawa, wadda wanda ya saba yakan ji ta kafin ya gan shi.

Sheƙarsa abin kallo ce. Ba ta fi ɗan kofin shayin Buzaye girma da yawa ba. A gwafar reshe yake gina ta da zaruruwan ciyawa da na ɓawon itace, sannan ya ɗaure su da yanar gizo, ta ainihi, wadda gizo-gizo ke saƙawa. Ƙwai biyu ko uku ne, mace da namiji suna karɓa-karɓar kwanci na kimanin mako biyu. Idan namijin ne a kai, jelarsa tana reto a waje domin sheƙar ba ta ɗaukar ta. Wannan shi ne hoton da kowa ke so, kuma a nan ne ake yin ɓarna. Wanda ya sare ganye domin hotonsa ya fito tas, ya nuna wa hankaka da yara masu danƙo hanyar sheƙar ne. Hoton da aka samu ta haka bai cancanci yabo ko ɗaya a Facebook ba.

Idan aka tattara, ga siffar mai wannan aiki: mutum ɗaya, zaune shiru a gefen gari na tsawon awa ɗaya ko biyu, da gilashi a ido, yana kallon wuri ɗaya, lokaci-lokaci yana danna waya. A yawancin duniya sunansa mai kallon tsuntsaye. A arewacin Zamfara sunansa infoma.

Kalmar da ke iya kashe mutum

Babu buƙatar a yi wa mazauna yankin bayanin nauyin wannan kalma. Shekaru ke nan ana kai hari a ƙauyuka a daidai ranar da wani ya sayar da shanu, ko a daidai daren da wani ya dawo daga tafiya, kuma kowa ya san ba duba 'yan bindiga ke yi ba, wani ne yake faɗa musu. Saboda wannan ne hukumar sadarwa ta ƙasa ta sa aka katse layukan waya a duk faɗin jihar a farkon Satumba 2021. A Yuni 2022 kuma gwamnan lokacin, Bello Matawalle, ya sa hannu kan dokar da ta tanadi hukunci mai tsanani ga 'yan bindiga da masu kai musu bayanai.

To mai kyamara yana tsakiyar mutane iri uku, kuma babu wanda zai yi masa kyakkyawar fassara. Ɗan bindiga zai ɗauka jami'an tsaro ne suka aiko shi. Jami'in tsaro ko askari zai ɗauka 'yan bindiga ne suka aiko shi ya ɗauki hoton shinge. Mutanen ƙauye, waɗanda su ne suka fi shan wahala, za su ɗauka hanyar shiga garinsu yake aunawa. A irin wannan yanayi, cewa "tsuntsu nake ɗauka" ita ce amsar da ta fi kowace kama da ƙarya.

Kuskuren gane mutum a nan ba ƙaramin abu ba ne. A Janairu 2025 jirgin yaƙi ya yi luguden wuta a Tungar Kara, rahotanni suka ce aƙalla mutum 16 ne suka mutu, cikinsu har da 'yan sa-kai da suka fito kare garinsu aka ɗauka ɓarayin daji ne. A Yuli na shekarar kuma 'yan bindiga suka kashe sama da mutum 30 da suka sace daga ƙauyen Banga na ƙaramar hukumar Ƙauran Namoda, bayan an biya kuɗin fansa. A gefen Shinkafi, sunan Bello Turji kaɗai ya isa ya sa manomi ya bar gonarsa ba noma.

Don haka duk wanda zai ce wa matashi ya ɗauki kyamara ya shiga daji saboda tsuntsu, bai san yankin ba, ko kuma ba ɗansa ba ne. Babu hoton da ya kai ran mutum.

Dajin da aka taɓa yin karatu a cikinsa

Abin da ke da ciwo shi ne, wannan yanki ya taɓa zama wurin da masu bincike ke zuwa da littafi da alƙalami. A 1853 Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Zurmi da Badarawa a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Wurno, yana rubuta sunayen garuruwa da itatuwa. Shi ma bai samu hanyar lafiya lau ba, sai da ayarinsa ya ratsa dajin Gundumi dare da rana ba hutawa saboda tsoron mahara. A 1885 wani matashin masanin tsuntsaye, Ernst Hartert, tare da Paul Staudinger, suka ratsa ƙasar Zamfara zuwa Sakkwato. Hartert, wanda daga baya ya shugabanci gidan adana kayan halittu na Tring a Ingila, da bindiga yake nazarinsa, kamar yadda ake yi a zamanin: ya harbo tsuntsu, ya feɗe, ya tafi da fatar Turai. Abin da ya gani a ƙasar Hausa da Jamusanci ya rubuta shi.

Na kusa-kusa ma akwai. Gandun dajin Zamfara, wanda Turawan mulkin mallaka suka keɓe a 1919 daga baya aka mayar da shi makiyaya, ya haura murabba'in kilomita 2,000 a yankin Zurmi da Birnin Magaji, da ƙauyukan Dumburum da Shamushalle da Tsabre da Ajja a cikinsa. A shekarun 1990 masu bincike daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Giessen ta Jamus sun yi aiki a nan, suna ƙirga itatuwa da dabbobi, suna auna ciyawa, suna hira da Fulani da manoma. Yau idan aka ambaci Dumburum a labarai, ba a kan ciyawa ake magana ba.

Wato an yi shekara da shekaru babu wanda zai iya shiga ya duba me ya rage a dajin. Itatuwan sun ƙaru ne saboda masu saran itace da masu gawayi suna tsoro, ko sun ragu? Wane tsuntsu ya ɓace, wane ya dawo? Ranar da aka karɓe dajin, za a tarar da shi ba tare da wani abin da za a kwatanta shi da shi ba, sai rubutun da aka yi shekara talatin da suka wuce.

A sauran sassan Najeriya aikin bai tsaya ba. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos tun farkon shekarun 2000, ta ƙaddamar da shirin taswirar tsuntsayen Najeriya a ƙarshen 2015. An yanka ƙasar gida-gida, sama da gida 11,000, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da kilomita 9 faɗi. Ɗan sa-kai yakan shiga gida ɗaya ya yi aƙalla awa biyu yana kallo, ya rubuta duk irin tsuntsun da ya gani ko ya ji a manhajar BirdLasser, ya aika. Matasan Arewa ba su zauna ba, sun kafa tawagar da ake kira Arewa Atlas Team, suka cike gidaje masu ɗimbin yawa a jihohin Arewa. Najeriya na da nau'in tsuntsaye sama da 900, kuma da irin wannan aiki ne ake sanin inda kowane yake.

Ƙa'idar awa biyun nan ita ce shingen arewacin Zamfara. Babu mai iya cika ta a Dumburum ko Sububu a yau. Amma garin Ƙaura yana cikin wani gida na wannan taswira. Shinkafi ma haka, Zurmi ma haka. Waɗannan gidaje ba sa buƙatar kowa ya wuce bayan gari.

"Ana ta rai, wa yake ta tsuntsu?"

Wannan ita ce tambayar da mai karatu a Shinkafi zai yi, kuma tambaya ce mai nauyi. A Yuni 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya sun auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, suka tarar ɗaya cikin kowane huɗu na fama da tamowa. A wurin da haka ke faruwa, maganar hoton tsuntsu na iya zama kamar rainin hankali.

Da aikin yana cin kuɗin gwamnati, ko yana ɗauke jami'in tsaro ɗaya daga bakin aikinsa, da mai wannan tambaya ya yi nasara. Amma ba ya cin ko kwabo daga kason abinci ko na magani. Waya ce da take hannu, da safiya ɗaya a mako.

Sannan akwai abin da aka riga aka gani da ido. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya san lokacin da ungulu ke cika mayankar kowane gari a Arewa, har ana korar su. Yau a garuruwa da dama yaro zai girma bai taɓa ganin ta ba, sai dai ya ji ta a karin magana. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa wannan ungulu ta cikin gari a jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Gauraka, wadda ake ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasa na Najeriya, ta kusa ɓacewa daga ƙasar gaba ɗaya. A tambayi dattawa goma wace shekara ungulu ta daina zuwa, za a samu amsa goma. Ta tafi ne a gaban kowa, babu wanda ya rubuta.

Tsuntsaye masu cin ƙwari sun fi ungulu saurin nuna cewa wani abu ya lalace. Abincinsu ƙuda ne da fara da tsutsa da malam-buɗe-littafi. Inda aka yawaita feshin maganin ƙwari ba bisa ƙa'ida ba, ko aka sare manyan itatuwan bakin gulbi, su ne ke fara raguwa. Manomin fadamar Shinkafi da ke sayen magani kowace shekara yana da ruwa da tsaki a wannan magana, ko da bai taɓa ɗaga kai ya kalli reshe ba.

Abin takaici, gwamnati ba ta tuna tsuntsu sai jan-baki ya sauka a gonar gero ko shinkafa. Nan da nan sai a nemi jirgin feshi. Maganin da aka daɗe ana amfani da shi a wannan feshi a Afirka, fenthion, ba ya tambayar sunan tsuntsu kafin ya kashe shi. Manomi yana da haƙƙin a kare masa amfanin gona, babu musu a kan wannan. Amma wa ke komawa bayan feshin ya duba me kuma ya mutu?

Haka batun dashen itatuwa. Zamfara na cikin jihohi 11 na shirin katangar itatuwa ta yaƙi da hamada, tana kuma cikin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 domin jihohin Arewa. A irin waɗannan shirye-shirye, abin da ake sanarwa shi ne yawan dashen da aka raba. Dashe nawa ya rayu har ya yi inuwa, wannan ba kasafai ake jin sa ba. Mai dogon jela ba ya karanta sanarwar manema labarai. Inda babu inuwa mai kauri ba ya yin sheƙa. Jerin tsuntsayen unguwa ɗaya na shekara biyar a jere zai faɗi gaskiyar dashen fiye da rahoton ɗan kwangila.

Akwai masu kawo hujjar yawon buɗe ido, su ce a Gambiya matasa na cin abinci da raka Turawa kallon tsuntsaye. Gaskiya ne. Amma yi wa matashin Zurmi alƙawarin baƙi daga Turai a wannan hali yaudara ce, gara a bar ta.

Daga ina za a fara?

Wurin da ya fi dacewa shi ne Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda ke nan tun 1983. Tana da harabar da aka san kowa, da itatuwa, da ɗalibai masu wayoyi, da malaman da za su iya rubuta wa cibiyar Jos takarda su nemi a turo mai horarwa. Ƙungiyar ɗalibai goma da madubin hangen nesa guda biyu ta isa. Bayan nan akwai makarantun sakandare, da harabar asibitoci, da tsoffin itatuwan unguwar tashar jirgin ƙasa, layin da ya iso garin tun 1929. Manhajar Merlin ta Jami'ar Cornell kyauta ce, tana taimakawa wajen gane tsuntsu daga hotonsa, kuma idan aka sauke kundin yankin tana aiki ko babu sabis, abin da mutanen Zamfara suka san darajarsa tun 2021.

Sharaɗi na farko shi ne kada a yi aikin a ɓoye. Abin da ke mayar da mai kallon tsuntsu infoma shi ne babu wanda ya san me yake yi. A je wurin mai unguwa a yi masa bayani, a nuna masa hotunan, a sanar da shugaban askarawan yankin da ofishin 'yan sanda. A fita mutum uku ko huɗu da rana tsaka, da katin shaida a wuya, a wurin da aka san iyayen kowa. Kada a juya kyamara wajen shingen jami'an tsaro, ko gidan da ba a nemi izini ba, ko matan da ke wanki a gulbi. Kuma kada a wallafa hoto a shafukan sada zumunta da bayanin wane lambu ne, na wane ne, ƙarfe nawa ake zuwa. Wayoyi da dama suna liƙa wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi ba tare da mai wayar ya lura ba. Bayanin wuri na manhajar masu bincike ne, ba na kowa da kowa ba.

Su ma shugabanni da jami'an tsaro akwai nasu. Idan matashi ya zo da kansa ya yi bayani, kada a mayar da shi abin tuhuma ko abin dariya. Garin da ya san masu kallon tsuntsayensa da sunayensu ya fi saurin gane baƙon da ya zo da wata manufa.

Akwai kuma wani ɓangare na aikin da ba ya buƙatar kyamara ko kaɗan, kuma shi ne ya fi gaggawa. Garuruwan nan uku cike suke da mutanen da aka koro daga ƙauyuka: tsoffin maharba, makiyaya, masunta, matan da suka yi shekara hamsin suna jin kukan daji. Su ne suka san sunan kowane tsuntsu da Hausar Zamfara da Fulatanci, suka san wanda zuwansa ke nuna a fara shuka bayan shamuwa, da wanda ke sheƙa a gawo, da wanda ba a ci. Jikokinsu a cikin gari za su tashi sun san balbela da kurciya da hasbiya, shi ke nan. Kowa ya san suda da carki da cilakowa a baki, amma matasa nawa ne za su iya nuna su a kan itace?

A nan hoton waya yake da amfanin da babu littafin Turawa da zai yi. A nuna wa tsoho hoton mai dogon jela, a tambaye shi me ake ce masa a garinsu, yaushe yake zuwa, a wane itace yake sheƙa, a naɗi muryarsa da izininsa. Hartert ya tafi da fatun, ya sa musu sunayen Latin. Sunayen gida suna bakin mutanen da yanzu ke kwana a azuzuwan makarantu da kangaye, kuma yawancinsu sun manyanta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ya rasa mai dogon jela a wannan damina ma bai yi asarar shekara ba. Daga Satumba zuwa Oktoba, daidai lokacin da yake haramar komawa kudu, danginsa na Turai ke isowa bayan sun ketare Sahara. Akwai wani mai ruwan toka da ɗigo-ɗigo a ƙirji, wanda a Birtaniya yawansa ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 tun ƙarshen shekarun 1960, kuma masana can suna son sanin abin da ke samun sa a kan hanya. Akwai wani ƙaraminsa da nauyinsa bai wuce giram 12 zuwa 13 ba, mai farin tabo a fiffike. Dukansu sukan yada zango a itatuwan yankin Sahel su ci ƙwari su mayar da ƙarfi kafin su wuce. Dogonyaron da ke ƙofar makarantar firamare ya ishe su, kuma mai zama a gindinsa da waya ba sai ya bar unguwarsu ba.